Bee Gees: tafiya ce ta ɗaga su, ko alƙalaminsu?

Malam Bala:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da na daɗe ina ji game da ƙungiyar mawaƙan Bee Gees, 'yan uwan nan uku, Barry da Robin da Maurice Gibb, kuma har yau ba ta kwanta mini ba. Wai abin da ya ɗaga su shi ne tafiya: sun bar Ostireliya sun nufi Ingila a 1967, sun bar Ingila sun nufi Amurka a 1975, shi ke nan sai duniya ta san su. Ni ina ganin tafiya ƙofa kawai ta kai su. Mawaƙa nawa suka hau jirgi da irin wannan buri suka koma gida hannu rabbana?

Ga wanda bai san labarin ba: a tsibirin Man aka haife su, Barry a 1946, tagwayen Robin da Maurice a 1949. Iyayensu suka koma Manchester, daga nan a 1958 suka yi ƙaura zuwa Ostireliya, suka sauka a Redcliffe kusa da Brisbane. Suna yara ƙanana suke waƙa a filin tseren motoci, 'yan kallo na jefo musu kuɗi. A 1963 suka samu kamfanin da zai buga musu faifai, suka yi ta fitarwa, faifai wajen goma, babu wanda ya yi tashen kirki sai na watan Satumban 1966, Spicks and Specks. Kafin waƙar ta kama gari sun riga sun ƙulla tafiya. A Janairun 1967 suka shiga jirgin ruwa, suna kan teku labari ya iske su cewa wata mujallar waƙa ta ƙasar ta zaɓe ta waƙar shekara. Ba su juya ba.

Abin da nake so mu duba shi ne abin da suka ɗauko a cikin jirgin nan. Ba murya ce kaɗai ba. Sun iya rubuta waƙa, kuma wannan ne ya ɗauke su duk lokacin da wata ƙasa ta juya musu baya. Wanda yake da ja, bismillah.

Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam. Ni tun daga tushe nake da ja. Wace ƙasar waje suka tafi a 1967? Gida suka koma. Haifaffun can ne, harshensu ke nan, ba wanda zai tare su a tashar jirgi ya ce ina takardarku. Wannan ba neman sa'a a waje ba ne, komawa gida ce bayan an yi ƙarfi.

Baba Audu:
Ɗana Sadiq, maganarka tana da ƙafa, kuma akwai hujjar da za ta ƙara mata ƙarfi. Da suka isa Landan ba su uku suka tsaya ba, sun ɗauki 'yan Ostireliya biyu, Colin Petersen mai ganga da Vince Melouney mai jita. A shekarar nan ta 1967 hukumar cikin gida ta Birtaniya ta ƙi sabunta wa waɗannan biyun izinin aiki, aka ce su tattara su bar ƙasar. Sai da masoya suka yi ta zanga-zanga, jaridu suka ɗauka, kafin aka janye. 'Yan gidan Gibb kuwa ba wanda ya taɓa su. Ka ga a ƙungiya ɗaya an ga bambancin mai fasfo da marar shi.

Amma kada ka wuce gona da iri. Tagwayen suna da shekara takwas suka bar Ingila, suka dawo suna da goma sha bakwai. Ba su da suna a can, ba su da kamfani, ba su da masu sauraro. Kuma Landan ta 1967 ba wurin wasa ba ce, Beatles da Rolling Stones suna kan ganiyarsu, kowane lungu akwai samari masu jita da ke jiran a kalle su. Fasfo yana shigar da kai ƙasa, ba ya shigar da kai gidan rediyo.

Maman Ilham:
Baba barka da war haka. Ni a nawa ganin duk kun tsallake mutum ɗaya, Robert Stigwood. Mahaifin su Barry, Hugh Gibb, ya aika da waƙoƙinsu ofishin Brian Epstein, manajan Beatles, tun kafin su iso. Stigwood, wanda shi ma ɗan Ostireliya ne da ya zo Landan neman arziki, a lokacin yana wannan ofishi, shi ya saurara. A Fabrairu suka sauka a Southampton, a cikin Fabrairun ya ba su kwantiragin shekara biyar. Zuwa Afrilu faifan farko da suka ɗauka a Landan ya fito, kamfanin Polydor na rabawa a Ingila, kamfanin Atco na rabawa a Amurka. Wata biyu kacal! Shekara huɗu suna fama a Sydney da alƙalamin nan da Malam yake yabo, bai kai su ko'ina ba. Alƙalamin bai canza a cikin jirgi ba, ubangida ne ya canza.

Malam Bala:
Hajiya, na ba ki rabin wannan. Ba Stigwood da an sha wuya. Amma me Stigwood ya ji a faifan da aka aiko masa? A teburin mutum irinsa kullum ana jibge faifan samari masu daɗin murya. Abin da ya bambanta waɗannan shi ne waƙoƙin nasu ne, kuma ba guda ɗaya ba, rijiya ce. Manaja ba ya son ya ɗauki mawaƙin da kullum sai ya je ya nemo masa waƙa.

Sannan alƙalamin ya canza, ba a cikin jirgi ba, kafin jirgi. A 1966 wani mai ƙaramin situdiyo a unguwar Hurstville ta Sydney, Ossie Byrne, ya sakar musu wurinsa suna shiga yadda suke so. A nan suka yi ta rubutu suna ɗauka suna gyarawa, Robin da Maurice ma suka fara sa hannu a rubutun da a da Barry ne kaɗai yake yi. Shekarun nan da kike cewa ba su kai su ko'ina ba, su ne makarantar. Kuma Byrne tare da su ya shiga jirgin.

Nura Injiniya:
Salam ga kowa. Ni aikina haɗa sauti ne, bari in faɗi abin da kunne yake ji. Idan 'yan uwa na jini suka haɗa murya, akwai wani narkewa da baƙi uku ba sa samu sai da dogon horo. A gida ɗaya suka koyi magana, yadda suke buɗe baki a kan wasali ɗaya ne, inda suke yanke numfashi ɗaya ne. Robin yana da muryar nan mai rawa kamar mai shirin kuka, Barry nasa a shimfiɗe, Maurice kuma shi ne wanda ba a cika jinsa shi kaɗai ba, amma ka cire shi ka ji yadda ginin zai yi rami. Shi yake cike tsakiya, ga shi da bes da fiyano. Wannan ma kaya ne da suka shiga jirgi da shi, kuma ba a sayensa a Landan.

Zainab:
Yayyena, ku ba ni dama in kawo wasu ukun, don a ga me ake nufi da ƙasar waje ta gaskiya. Kim Sisters, 'yan Koriya ta Kudu. Sue da Ai-ja 'yan uwa ne ciki ɗaya, Mia kuma 'yar kawunsu. Mahaifiyar su Sue, Lee Nan-young, shahararriyar mawaƙiya ce, mahaifinsu Kim Hae-song mai tsara kiɗa ne, sojojin Koriya ta Arewa suka tafi da shi a yaƙin 1950, bai dawo ba. A 1953 uwar ta haɗa su ukun suna yi wa sojojin Amurka waƙa don a samu abin da za a ci. Ba sa jin Turanci, haddace sautin kalmomin suke yi daga faifai. A 1959 aka kai su Las Vegas, otal ɗin Thunderbird, da kwantiragin mako huɗu. Suka zauna. Sun fito a shirin talabijin na Ed Sullivan fiye da sau 20.

Waɗannan ba su da fasfon ƙasar, ba su da harshen, ba su da kamannin mutanen wurin, kuma waƙoƙin wasu suke rerawa. Ina alƙalami a nan, Malam? Amma sun yi nasara.

Malam Bala:
Ƙanwata Zainab, Allah ya yi miki albarka da kika kawo su, domin abin da suka yi ya fi na 'yan gidan Gibb wuya nesa ba kusa ba. Amma ki duba irin nasarar. Tasu ta dandamali ce: sai sun tsaya a gaban mutane kowane dare, suna waƙa, suna rawa, suna sauya kayan kiɗa iri-iri, sannan kuɗi ya shigo. Ranar da aka daina gayyatarsu talabijin, ko otal ya sauya salo, ko ɗaya ta yi aure ta matsa, abin ya tsaya. Ba waƙar da za ta ci gaba da yi musu aiki suna barci. Shi ya sa yau sai mai bincike irinki ne ya san su.

Zainab:
A'a Malam, a nan ban bi ka ba. Kana auna nasara da ma'aunin da ya dace da mutanenka. 'Yan matan nan daga ƙasar da yaƙi ya ragargaza suka fito, suka riƙe danginsu da muryarsu, har suka janyo 'yan uwansu zuwa Amurka. Wa zai ba 'yar Koriya dama a 1959 ta rera waƙar da ta rubuta da kanta a gidan rediyon Amurka? Ba rashin alƙalami ba ne, ƙofar ce ba a buɗe musu ba. Mantawar da aka yi da su laifin masu rubuta tarihin ne, ba nasu ba.

Anti Rabi:
Zainab ta yi gaskiya, kuma ina so a riƙe wannan. Kafin a tambayi me mawaƙi ya ɗauko, a tambayi me aka yarda ya shigo da shi.

Baba Audu:
To bari in jefo wani abu da na lura da shi, wanda ina ganin zai raba wannan gardama ko ya ƙara mata wuta. Sau uku ana ɓoye sunan Bee Gees kafin a saurare su.

Na farko a 1967. Waƙar farko da suka fitar cikin waɗanda suka ɗauka a Ingila, New York Mining Disaster 1941, an aika wa gidajen rediyo ita a faifan da ba a bayyana masu ita sosai ba. Masu saka faifai da yawa suka ɗauka Beatles ne suka sake suna, suka yi ta sakawa. Lokacin sunan Bee Gees ba ya nufin komai ga kowa, don haka aka rufe shi.

Na biyu a 1975. Kafin nan sun faɗi ƙasa warwas. Robin ya fice a 1969 saboda rigimar waƙar wa za a sa a fuskar faifai, tasa ko ta Barry. Suka shirya a 1970, suka samu lamba ɗaya ta farko a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1971, daga nan kasuwa ta mutu. Kundin da suka yi a Los Angeles, wanda ya fito a 1973, bai sayu ba, wanda ya biyo bayansa kamfani ya ƙi fitarwa ma gaba ɗaya. A 1974 sai ga su suna waƙa a kulob ɗin Batley a arewacin Ingila, irin wurin da ake kai waɗanda tauraronsu ya dushe, alhali Barry bai kai talatin ba. Mawaƙi Eric Clapton, wanda shi ma Stigwood ne manajansa, ya ba su shawarar su gwada Miami, situdiyon Criteria. Suka je, suka yi Jive Talkin' da furodusa Arif Mardin. Da za a kai ta rediyo sai aka sake rufe sunan, domin a lokacin duk wanda ya ga Bee Gees a jikin faifai zai ce masu waƙar kuka ne na shekarun baya, ya ajiye. Aka saurara ba a san masu ita ba, ta hau lamba ɗaya a Amurka.

Na uku bayan 1979, da Amurka ta yi wa disko, kiɗan rawar da suka yi tashe da shi a lokacin, tawaye. Wannan karon ba takarda aka rufe sunan da ita ba, da bakin wasu aka rufe shi. Barbra Streisand a 1980, Dionne Warwick a 1982, Kenny Rogers da Dolly Parton a 1983, Diana Ross a 1985. Duk waƙoƙin gidan Gibb ne. Gidajen rediyon da suka rantse ba za su saka Bee Gees ba, suna saka rubutun Bee Gees safe da yamma.

Ni abin da na karanta a nan: suna yana tsufa, salo yana tsufa, ƙasa tana gajiya da kai. Abin da bai tsufa ba a wurinsu shi ne waƙar kanta.

Malam Bala:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ka faɗi abin da nake ta kewaye.

Maman Ilham:
Baba ya kawo hujja mai nauyi, amma ku duba wa ya rufe sunan a karo na farko da na biyu. Ba Barry ba ne, dabarar 'yan kasuwa ce. Kuma fim ɗin Saturday Night Fever na 1977 da ya kai su ƙololuwa, na wa ne? Stigwood ne ya shirya shi. Suna Faransa suna aikin wani kundi nasu a wani situdiyo kusa da Faris, ya kira su ya ce yana son waƙoƙi. Kundin waƙoƙin fim ɗin ya yi mako 24 a lamba ɗaya a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Daga ƙarshen 1977 zuwa 1979 waƙoƙinsu shida a jere suka hau lamba ɗaya. Ba fim ɗin, da waƙoƙin nan sun fito a kundi na yau da kullum, wataƙila biyu su yi tashe a wuce wurin.

Sadiq:
Hajiya, ubangidan nan da kike yabo, a 1980 kotu suka kai shi suna neman dala miliyan 200, suna zarginsa da tauye musu haƙƙi. Shi ma ya shigar da tasa ƙarar. A 1981 aka sasanta a wajen kotu.

Maman Ilham:
Na sani, Sadiq. Ban ce waliyyi ba ne. Na ce ba a shiga baƙuwar kasuwa ba tare da ɗan gari ko wanda ya riga ka zama ɗan gari ba. Kuma rigimar kuɗi tsakanin mawaƙi da manaja ba ta goge aikin da aka yi. Bayan sasantawar ma sun ci gaba da mutunta juna.

Nura Injiniya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana damuna duk lokacin da aka yi wannan hira. Me suka je ɗauka a Miami? Kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Arif Mardin mutumin Istanbul ne da ya zo Amurka karatun kiɗa, ya zama furodusa a kamfanin faifai na Atlantic, ya yi aiki da mawaƙiya Aretha Franklin. Shi ya tura su wajen wannan kiɗa mai motsa jiki. Siririyar muryar nan da aka san Barry da ita, a lokacin aikin kundin 1975 ta fito, da Mardin ya nemi wani ya ɗaga murya sama a ƙarshen wata waƙa. Amma salon ba sabo ba ne. Ƙungiyoyin baƙaƙe irin su Stylistics da Delfonics sun daɗe suna yi a Philadelphia. Su 'yan gidan Gibb ba su taɓa ɓoye cewa daga can suka koya ba, wannan na yaba musu. Sai dai kasuwa ta biya su abin da ba ta biya masu abin ba.

Anti Rabi:
Ɗan'uwa Nura, kuma da wutar ta tashi ba a tambayi wa ya ara wa ya ƙirƙira ba. Ranar 12 ga Yulin 1979 a filin wasa na Comiskey Park a Chicago aka tara fayafayan disko aka tarwatsa su a gaban dubban mutane, har taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. Mutane da yawa da suka yi nazarin wannan dare sun ce ba kiɗa kaɗai ake ƙi ba, har da mutanen da kiɗan ya fito daga cikinsu. Bee Gees suna da hanyar tsira, suka koma bayan labule suna rubuta wa wasu. Mawaƙa baƙaƙe da yawa da ba su da wannan hanya, sana'arsu ce ta tsaya cak.

Malam Bala:
Anti, ai kin dawo kan maganata. Hanyar tsirar mece ce? Alƙalami.

Anti Rabi:
Alƙalami da kuma fuskar da ake buɗe wa ƙofa, Malam. Biyun tare. Kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya.

Sadiq:
Ni akwai tambayar da ta fi damuna: wanda ya sauya kansa don ya shiga kasuwar wasu, shi ne ya yi nasara ko wani mutum daban ne mai sunansa? Ka saurari Bee Gees na 1967 ka saurari na 1978, ka ce mutum ɗaya ne? Sun rubuta waƙa a kan jihar Massachusetts ba su taɓa taka ta ba. Daga baya suka koma fararen kaya da rawa. Kamar duk inda iska ta kaɗa nan suke bi.

Nura Injiniya:
Sadiq, cire gangar da bes ɗin, ka ɗauki jita ɗaya ka rera waƙoƙin 1978 a hankali. Za ka tarar ginin ɗaya ne da na 1967: karin waƙa mai hawa da sauka a inda ba ka zata ba, amshi mai kama zuciya, da baƙin ciki a ƙarƙashi. Ko Stayin' Alive da ake rawa da ita, ka bi baitocin, maganar mutumin da birni ya matse ne yana neman ya kai gobe. Riga suka sauya, ba jiki ba. Shi ya sa mawaƙin ƙauyen Amurka irin Kenny Rogers ya iya ɗaukar rubutunsu ya zauna masa daidai.

Baba Audu:
Kuma a ƙara da cewa ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba, wasu ma ta baya suka bi ta. Walker Brothers Amurkawa ne uku daga Los Angeles, ba 'yan uwa ba ne, kuma ba wanda sunan gidansu Walker. A 1965, lokacin da samarin Ingila ke tururuwa zuwa Amurka, su sai suka nufi Landan. Suka hau lamba ɗaya a Ingila a 1965, suka sake hawa a 1966, 'yan mata na bin motarsu da gudu. Manyan waƙoƙin nan biyu duk rubutun wasu ne. Zuwa 1967 sun watse. Shekara biyu ke nan.

Maman Ilham:
Baba, in dai misali ne, ga Three Degrees na Philadelphia. Mata uku, ba su suke rubuta waƙoƙinsu ba, Gamble da Huff ne suka rubuta musu wadda ta hau lamba ɗaya a Ingila a 1974. Da tashensu ya ragu a gida, Ingila ta riƙe su, har suka yi waƙa a bikin cikar Yarima Charles shekara 30 a 1978. Sunan ƙungiyar ya rayu shekaru da dama, ana sauya mutane ana ci gaba. Ba alƙalami, amma ga tsawon rai.

Malam Bala:
Sunan ya rayu, Hajiya. Kuɗin waƙar kuwa duk lokacin da aka saka ta, kaso mai tsoka na marubutan ne.

Zainab:
Bari in ƙara guda ɗaya daga Koriya, domin tana nuna wani abu da ba a faɗa ba tukuna. S.E.S., su ma mata uku, Bada da Eugene da Shoo, sun fito a 1997 ƙarƙashin kamfanin SM, suka mamaye gida nan take. A 1998 aka kai su Japan. Suna da kamfani mai ƙarfi a bayansu, ɗaya daga cikinsu ma a Japan ta tashi, harshen ba baƙo ba ne a bakinta. Duk da haka abin bai kama yadda aka so ba, suka dawo suka ci gaba da tashe a gida har suka rabu a 2002. A wannan shekarar ta 2002 mawaƙiya BoA, daga kamfani ɗaya, wadda aka horar da ita da harshen Japan tun tana yarinya, ta hau lamba ɗaya a jadawalin kundaye na Japan. Kamfanin ya koyi darasi a kan S.E.S. ne. To a lissafinku su ukun nan sun faɗi ko sun yi nasara? Akwai lokaci ma a cikin wannan magana. Wani yana isa ƙofa kafin a buɗe, ya ƙwanƙwasa har hannunsa ya gaji, na bayansa ya shiga.

Baba Audu:
'Yata, wannan batu na lokaci gaskiya ne, kuma ya shafi 'yan gidan Gibb su ma. Da a 1963 suka iso Landan, yara ne, ba su nuna ba. Da a 1970 ne, guguwar ta wuce. Sun iso a shekarar da Amurka ke sayen duk abin da ya fito daga Ingila ido rufe.

Anti Rabi:
Ni dai duk wannan lissafi na lamba ɗaya, zuciyata tana kan abin da gidan ya biya. Yara ne aka ɗora wa ciyar da gida tun ba su balaga ba. Tagwayen suna shekara goma sha tara rigima ta raba 'yan uwan, ta kai ga magana sai ta jarida. Maurice ya yi fama da giya shekaru masu yawa kafin ya rabu da ita. Ƙaninsu Andy, wanda ya biyo sawunsu zuwa Amurka ya hau lamba ɗaya sau uku a jere, ya rasu a 1988 yana da shekara 30. Maurice ya rasu a Miami a Janairun 2003, Robin a Mayun 2012. Barry, babbansu, shi ya binne ƙannensa maza uku. Idan ana ba matasa labarin masu tafiya neman suna, a riƙa haɗawa da wannan.

Malam Bala:
Anti, wannan gaskiya ne, kuma ba na so a ɗauka ina raina shi. Abin da ya sa na nace a kan rubutu shi ne ina ganin matasa uku za su haɗu, muryoyi masu kyau, duk tunaninsu yana kan biza da tikiti da wanda zai kai su. Ba wanda yake zama ya rubuta waƙa talatin ya zubar da ashirin da biyar. Hajiya ta ce ubangida, Zainab ta ce ƙofa da lokaci, Sadiq ya ce fasfo, duk na yarda suna da hannu. Amma duk waɗannan ba a hannun mawaƙi suke ba. Rubutun ne kaɗai yake hannunsa tun kafin ya bar gida.

Sadiq:
To Malam, ga wadda za ta ba ka aiki. A 1987 suka fitar da You Win Again da sunansu, ba ɓoye-ɓoye. Ta hau lamba ɗaya a Ingila, ta hau a Jamus. A Amurka, inda Barry da Maurice suke zaune, a lamba 75 ta tsaya. Alƙalami ɗaya, waƙa ɗaya, shekara ɗaya. Me ya bambanta?

Malam Bala:
Rediyon Amurka ne bai huce ba tukuna. Turai ba ta taɓa yi wa disko irin wancan tawaye ba, don haka can sunan bai zama laifi ba. Shekara biyu bayan haka, a 1989, waƙarsu One ta shiga goman farko a Amurka, a 1997 kuma aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll a can.

Maman Ilham:
Wato shekara goma suna jiran masu gidajen rediyo su sauko, da alƙalamin a hannunsu. Ni a nan nake tsaye, Malam: mai rubutu yana iya jira, na yarda, amma ba shi yake sa ranar buɗe ƙofa ba.

Zainab:
Kuma Kim Sisters da aka ce ba su bar wata waƙa tasu a baya ba, bidiyoyinsu na shirin Ed Sullivan suna nan a YouTube. Malam, don Allah ka je ka kalli yadda suke ajiye wannan kayan kiɗa su ɗauki wancan a tsakiyar waƙa ba tare da muryoyin sun rabu ba, sannan ka dawo mu ci gaba a kan ko murya da horo kaɗai suna iya ƙetare teku.